Kallon da Na Yi wa Barkai

Ni ɗan mai lambu ne. A wani kwari bayan Gure na tashi, ina ban ruwan albasa. Lakwal, wato makarantar boko, ba ta karɓe ni ba, amma bakina ya iya jera magana. Da rap ya shigo fadarmu, inda samarin unguwa ke shan shayi, ni aka miƙa wa mikro.

Mu uku ne: ni, da wani Babarbare, da Barkai ɗan Tubawa, kowa na rera baitinsa da harshensu. Zancenmu ɗaya ne kullum, a daina auna mutum da fatarsa ko yarensa. Samari suka karɓa, har 'yan garin Gidigir na kiranmu wasa.

Amma a ɓoye sata nake yi: da caja na fara, sai katin waƙa. Wata rana wani ya jona salularsa a fada ya tafi alwala, na zura ta aljihu. Aka hau cigiya. Barkai kawai na kalla, na sunkuyar da kai. Sai na ga idon kowa ya bi nawa, har na waɗanda suka haddace waƙarmu. Ranar na gane zargin Tubawa na nan kwance a zukatan mutane, tashinsa kawai za ka yi. Na mai da shi sana'a. Duk taron da muka yi sai salula ta yi ƙafa, kuma sai na tabbata Barkai na kusa.

Da ta ɗan wani babban ɗan kasuwa ta ɓata, aka yi wa Barkai dukan tsiya, jandarma suka tafi da shi. Samari suka fito neman a sake shi. Wa ke gaba da mikro? Ni. Na rera har muryata ta dushe, mata na share hawaye, salular kuwa tana binne a lambun babana. Kunya ba ta kama ni ba, tsoro kawai nake ji. Duk wanda ya gaishe ni sai in ce ya sani.

Na kai salular kasuwa wajen mai gyara in sayar, ashe shi ya taɓa canza mata gilashi. Ya ce in zauna ya kawo canji, ya dawo da jandarma. Aka saki Barkai, ni na shiga kaso.

Babana bai taɓa leƙo ni ba. Barkai ne ya zo da dabino, haƙorinsa na gaba babu. Na kasa kallonsa. Ya ce, "Mutumina, tun ta farko na gan ka."

Na ce, "To me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "In faɗa wa wa? Tsakanina da kai, wa za a yarda da shi?"

Na fito, na tuba, na koma ban ruwa. Fadarmu ta watse, Barkai ya bi raƙuman danginsa zuwa Alakos, ya daina waƙa. Ni na kashe masa ita, kuma wannan na cina har gobe.

Samari, ku yi rap ɗinku, ku nemi haƙƙinku. Amma kada ku raina ɗaukar caja, kuma mai ƙarfin murya a taro ku dubi hannunsa. In abu ya ɓata kuka ga idanu sun karkata wajen mutum ɗaya, ku nemi wanda ya fara kallonsa. A fadarmu, ni ne.