Motarmu Ta Koyi Mayar da Kwano

Bara, lokacin da kuɗin man fetur suka sa kowa a Sakkwato ya fara tafiya kamar ɗan gwamna, babana ya sayi injin matsar gyaɗa da wata tsohuwar babbar mota. Injin ya kafa shi a bayan gidanmu a Runjin Sambo, motar kuwa ya damƙa wa kawuna, ƙanen mamata. Da injin babu matsala. Motar ce idan ta yi tari sai kajin unguwa su ɗauka magariba ta yi, su nufi akurki. Na taɓa shanya farin ɗankwali, na dawo na tarar da shi ya dace da zaman makoki.

Ga yadda kawu yake aiki. Da safe ya kai garwanin man gyaɗa kasuwa, ya dawo wayam. Da hantsi ya koma kasuwar nan dai ya ɗauko buhunan gyaɗa. Bayan azahar ya fita sayen sababbin garwani, don waɗanda aka juye mansu ana watsar da su a bayan rumfuna, sauro yana aurar da 'ya'yansa a ciki. Fetur ya yi araha, saboda haka ko allura za a sayo sai an tayar da mota. Kawu kuma yana son a gan shi, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya yana gaida mutanen da ba su san shi ba.

Maƙwabciyarmu mai sayar da fura ce ta fara kai ƙara, ta ce furarta ta koma ɗanɗanon hayaƙin salansar mota. Sauran suka bi bayanta. Mai unguwa ya zo da kansa ya gaya wa baba cewa in hayaƙin bai ragu ba kafin sallah, sai ya kwashe injinsa ya bar unguwar. Baba ba shi da wani fili. Ya daina dariya, har tuwo ya fara ragewa, abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni.

Ni ce 'yar aiken kwano a gidanmu. Dokar kakata, mahaifiyar baba, ita ce duk kwanon da aka aiko da abinci ba ya komawa haka nan, ko da ƙuli-ƙuli ne sai an saka. Ran nan ina tsaye tana cika kwanon mai fura, wadda ko da ana rigima ba ta fasa aiko mana ba, sai ga motar ta shigo tana ƙara, bayanta babu ko tsinke. Baba yana zaune a tsakar gida.

Na ce, "Kaka, motar ɗanki ba ta da tarbiyya. Kullum sai ta mayar da kwano ba komi."

Mama ta harare ni. Kaka ta yi dariya har goro ya kusa shaƙe ta, ta ce uwar surutu yau ta yi magana mai kai. Baba ya daɗe yana kallon kwanon.

Washegari ya kira kawu. Daga ranar mota za ta fita sau ɗaya: ta kai mai, ta dawo da gyaɗa da tsofaffin garwani. Ƙananan shaguna na Unguwar Rogo da Ƙofar Dundaye kuwa masu amalanke za su riƙa kai musu. Kawu ya ce an mayar da shi mai kwasar bola, ya yi fushin da ya ƙare da aka kawo abincin rana. Ni da mama muka ɗauki wankin garwani da toka da ruwan zafi, na kankare tsatsa har na fara ganin fuskata, na kuma tabbatar ina da kyau.

Abin da ba mu zata ba shi ne 'yan kasuwar. Da kawu ya bayyana musu dalilin karɓar garwani, da labarin kwanon kaka, sai kunya ta kama su. Wannan ya jefa albasa a garwa, wancan dabino, wani tsoho har da busasshen kifi. Baba ya aika yana roƙon a daina saka kifi, don mai yana ɗaukar ƙarni. Albasa dai ba ta daina zuwa ba, har yanzu muna rabawa maƙwabta.

Ana saura kwanaki kaɗan sallah mai unguwa ya dawo. Ya tsaya a bakin lungu, ya shaƙi iska, ya dubi fararen kayan da aka shanya. Ya tambayi baba wane injiniya ne ya gyara motar.

Baba ya ce, "Ranka shi daɗe, motar tana nan yadda take. Ɗiyata ce ta koya mata zaman gida."

Ina bayan ƙyaure, kaina ya kumbura har sai da na karkata kafin na wuce ƙofa. Injin yana nan a inda yake. Da yamma mai fura ta aiko da kwano, ta ce wannan nawa ne ni kaɗai. Na shanye, na zaɓi albasa mafi girma na saka a ciki, na kai mata da kaina.