Ni Na Koya Wa Lungunmu Alalen Leda

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina juya wannan magana a raina, yau dai na ce bari in rubuto, ko wata za ta ji abin da matan lungunmu suka ƙi ji.

A shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, ni matar aure ce mai 'ya ɗaya, ina zaune kusa da Ƙofar Mazugal, ina sayar da alale daga cikin gida. Sana'ar gado ce. Mahaifiyata, da muke kira Inna, a gwangwanin madara take yin nata, haka kuma ta koya mini. Ni kuwa a lokacin gani nake babu wayayya kamata. Wankin gwangwani ya ishe ni, ya yayyanke mini yatsu, ga tsatsa. Da hidimar siyasa ta kankama, wani maƙwabcinmu mai tara jama'a ya riƙa aikowa a yi masa alalen taro, ya ce a ƙulla a leda yadda kowa zai ɗauki nasa ya wuce. Da farko sai na dafa a gwangwani nake juyewa. Rannan na ce me zai hana in zuba ƙullun a ledar tun farko in jefa a tukunya? Na gwada, ya fito sumul. Har wutar ma na koma kunnawa da leda, don ta fi kananzir araha. Matan lungu suka yi ta shigowa kallo, ina koya musu ina hura hanci.

Inna ce kaɗai ta ƙi. Da na kai mata, ta shinshina ta ture kwanon, ta ce warin roba take ji, kuma abin da wuta ke narkarwa ba za ta ci abincin da aka dafa a cikinsa ba. Na yi dariya na ce tsufa ne ke damunta.

A lokacin ban jima da yaye 'yata ba. Duk ƙullin da ya fashe, ko wanda ledarsa ta manne a gindin tukunya ta narke, ba ya sayuwa, shi nake ɓare mata safe da rana. Tana zaune a gefena bakin murhu, baƙin hayaƙin nan yana shiga hancinta. Sai yarinya ta zama abar tausayi. Yau mura, gobe gudawa, jibi ƙuraje, ga tarin da ba ya yankewa. Duk ciwon da ya shigo lungu ita yake fara kamawa, ita kuma yake bari a ƙarshe. Muka yi rubutu, muka yi tofi, aka ce kambun baka ne. Har gaba na yi da wata maƙwabciyata baiwar Allah, don kawai ta taɓa cewa yarinyar tana da kyau.

Ranar da numfashin 'yata ya sarƙe muka kwana uku a asibiti, wata likita ta zaunar da ni tana tambayar abin da yarinya ke ci da inda take wuni. Na zayyana mata har da alfahari. Sai ta ce ba za ta rantse mini cewa leda ce ta jawo ba, amma leda da roba suna da sinadaran da kan fita idan sun ji zafi, musamman in abincin mai maiƙo ne, kuma ana zargin suna iya raunana garkuwar jiki, balle ta ƙaramin yaro. Hayaƙin kuwa, ta ce, wannan ko tantama babu yana cutar da ƙirji. Haushinta na ji. Ni allura na zo a yi wa 'yata, ba a ce hannuna ne ba.

Na dai koma gwangwani. Yarinya ta ɗan murmure a hankali, amma ƙirjin ya zame mata abokin zama har yau. Ko ledar ce, ko ba ita ba ce, ban sani ba, kuma rashin sanin ne yake cin raina. Inna ta rasu ban iya buɗe baki na ce mata ta fi ni gaskiya ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mutane. Na bi gida-gida ina faɗa wa matan da na koya wa, suka ce hassada ce don sun ƙwace mini ciniki. Masu saye suka ce gwangwani ƙazanta ne. Maigidana ma cewa ya yi in daina tara masa magana a unguwa, ai kowa da kwanansa. Wata har ta tambaye ni wai yaushe na zama likita.

Bara wannan 'yar tawa ta haihu. Ranar suna na leƙa wajen girki, na tarar an jera alale da tuwo da zafinsu, duk a leda. Na ce don Allah ko na mai jego a juye a kwano. Sai uwar girkin, ɗaya daga cikin ɗalibaina na dā, ta dafa kafaɗata ta shaida wa baƙi cewa ga gwanar da ta kawo musu wannan sauƙi, su yi mini godiya. Suka yi ta sa mini albarka, ina jiyo tarin 'yata daga ɗaki.

'Yan uwana mata, na koyi cewa sauƙi yana saurin yaɗuwa, gyara kuwa da ƙyar yake fita ƙofar gida. Kada ku dafa a leda, kada ku zuba mai zafi a ciki, kada ku kunna wuta da ita. Ku wanke gwangwanin. Yankan yatsuna duk ya warke tuntuni, ƙirjin 'yata bai warke ba.