Yawun Oga a Faranti

Matar nan ta ɗakin gwaji ko ƙifta ido ba ta yi. Siririya ce, takunkumi ya ci kumatunta, tana ɗiga sinadarin gado, wato DNA, cikin ƙwayoyin halittar da ta raina a faranti kamar jinjiri. Daga gani, sun sha hana ta zuwa gida.

Sai ga oga da baƙinsa. Ya sunkuyo kan farantin, baki ba takunkumi, yana zuba bayani, yawu na fallatsa. Ɗigo ɗaya ya isa ya kashe aikin.

"Ya aiki, 'yata?"

Ta ɗago kai. "Da godiya, ranka ya daɗe."

Yana juyawa ta wurga farantin a shara. Shi ko waiwaye bai yi ba, yana can yana yi wa baƙi lacca kan tsafta.