Takun Baba Mai Diga

Shekara arba'in Baba Mai Diga yana haƙa harsashin gini a ƙauyuka, bai taɓa riƙe igiyar awo ba. Da ƙafarsa yake auna fili: taku shida tsawo, shida faɗi, ɗaki ya samu. In ka miƙo masa tef sai ya harare ka, ya ce, "Ƙafar nan ta girmi ubanka a aiki."

Abin da kowa ya kasa gaya masa shi ne tsufa ya rage masa taku. Ɗakuna suka riƙa tsukewa kowace shekara. Da ya auna wa surukinsa ɗaki a gona aka gama gini, gado ya cinye ɗakin, ƙofa ta ƙi rufuwa.

"Baba, ko dai awon ne?" in ji surukin, kansa a sunkuye.

"Kafintan ne mahaukaci!"

Ya dawo gida yana huci. Matarsa ta ce to ya auna ɗakinta, wanda ya haƙa harsashinsa yana ango. Ya taka daga bango zuwa bango, ya ƙirga goma. Ya sake, goma dai.

Ya daɗe yana duban bangon.

"Ikon Allah," ya ce. "Tsohuwa, ɗakin nan naki ƙaruwa yake yi."