Ciyawar Shayin Marigayi

Har gobe ban manta da safiyar da na sa fartanya a ciyawar shayin marigayi ba. Ina kula da shuke-shuken wata makarantar kuɗi ce a Sabon Gari. Wanda ya kafa ta shi ya dasa ciyawar a ƙofar ofis, da ita yake dafa wa malamai shayi. Da ya rasu, 'yarsa Hajiya Binta ta karɓi makarantar.

Ciyawar shayi idan ta daɗe a wuri guda, tsakiyarta mutuwa take yi, ganyen gefe ya kwanta. Tamu kuwa malamai sun mayar da ita wurin alwala, wai ladan ban ruwa ya kai ga marigayi. Niyya mai kyau, amma tsakiyar har wari take. Maganin ɗaya ne: a tone, a yar da ruɓaɓɓen, a raba masu rai a sake dasawa.

Farkon damina ne, Hajiya ta yi tafiya. Na sami mataimakinta, Malam Nasiru, wanda bai taɓa yanke hukuncin da ya wuce sayen alli ba.

"Malam Isa, yi abin da ka sani," in ji shi, "amma ni ban ji ba."

Ina cikin sara saiwar sai ga motar Hajiya. Wallahi sai da fartanyar ta kusa suɓuce mini. Ta tsaya a kan ramin, ko gaisuwata ba ta amsa ba.

"Abin da Baba ya dasa da hannunsa? Wa ya sa ka?"

Na waiga, Malam Nasiru ya ɓace kamar an ɗauke wuta.

"Ranki ya daɗe, in an bar ta duka za ta tafi."

"To ka ji, in ta mutu, kada in sake ganinka a gidan nan."

Na datse ganyen, na jera dashen a jikin katanga, na roƙi malamai su matsa da butocinsu. Sai dashen ya bushe ƙamas, ruwan sama kuma ya ɗauke. Kullum ina tsugune ina leƙen gindinsu, ina tunanin abin da zan gaya wa iyalina. Tsoro na ji ƙwarai, don dashe ba ya yi wa kowa alkawari.

Ranar da kore ya leƙo, Hajiya ta zo da kanta ta bi layin a hankali.

"Wacce ce ta Baban a ciki?"

"Wadda ya dasa ta riga ta mutu tun bara, Hajiya. Waɗannan 'ya'yanta ne."

Ta share ido da gefen mayafi, sannan ta ce in cire mata ɗaya ta kai wa mahaifiyarta.

Ku masu tasowa a aikin nan, rabon ciyawa kowa zai koya a yini guda. Ni dai tun daga ranar ban ƙara ɗaga fartanya ba sai na fara tambayar wa ya dasa, kuma ga mai abin nake zuwa, ba mataimaki ba.