Telan da Ya Daina Rage Ƙugu

Kawu tela ne, kuma a shagonsa muka girma, tsakanin keken ɗinki mai feda, almakashin da ba mai taɓawa sai shi, da rediyon da sai an mare shi yake magana.

Aikin da ya fi tsana shi ne rage ƙugun wando. Ya rage wa mahaifinsa, ya rage wa yayansa har sau biyu, kuma ba wanda ya tsufa cikin wandon. A dangi ana kiran abin da ke ramar da su "ciwon cikin nan", cikin ladabi, kamar wani dattijo mai zuwa ziyara.

Nasa ta ƙirji ya biyo. Zazzaɓi ya ƙi sauka, numfashi ya gajarta. Likita ta ce ƙwayar cuta ce ta kama 'yar ƙofar da ke buɗewa da rufewa cikin zuciyarsa. Ta ce irin wannan ƙwayar a hanji ta saba zama, don haka za a leƙa can da na'ura.

"Likita, falo na ce miki yana yoyo," in ji Kawu. "Me ya kai ki bayan gida?"

Aka leƙa. Aka tarar da tsiro birjik a bangon hanjin, ɗaya har ya soma zama ciwon daji. Aka yi masa aiki. Likita ta ce abin gado ne, a kawo 'ya'yansa a duba.

Duk suka je ban da Auta, wanda ya samu aikin ofis, mutuncinsa ya ƙaru har ba ya shiga ɗakin gwaji. Kawu bai yi masa wa'azi ba. Ya karɓi yadin wandon da Auta ya kawo, ya auna shi, ya ɗora yadin a saman kabad.

"Baba, wandona fa?"

"Ka je?"

"Akwai teloli a gari, ka sani."

"Akwai. Su za su rage maka ƙugun in lokaci ya yi. Ni na ajiye wannan aikin."

Auta ya je. An cire abin da aka samu tun bai yi ƙarfi ba, ya dawo ya karɓi wandonsa ba tare da sun haɗa ido ba.

Kawu ya rasu da furfura, abin da mazan gidan ba su saba gani ba. Auta kuwa ya yi tumbi. Kwanaki ya kai wandon nan wajen wani tela a buɗa masa. Telan ya farke ɗinkin ƙugun, ya tsaya yana kallo.

"Wa ya ɗinka wannan? Ya bar rarar yadi a ciki kamar tafin hannu."

Auta ya shafa wajen da yatsa.

"Buɗa kaɗan," ya ce. "Kada ka cinye duka."