Mazarƙwaila a Cikin Koko

Rana ɗaya aka gano mana ciwon suga, ni da taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina. Tare muka tashi, gonakinmu na rani a Watari ma iyaka ɗaya ce ta raba su. Shi ne ba shi da lafiya, ni rakiya kawai na yi masa zuwa asibitin Kunci. Da aka huda masa yatsa aka ɗiga jinin a 'yar na'ura, sai ya ce wa likita, "Ka gwada wannan ma, ya fi ni cika ciki." Aka gwada, nawa ya fi nasa hawa.

Likita ya yi bayani mai tsawo, ni kuwa abu ɗaya na riƙe: a bar suga. Na ce ai wannan mai sauƙi ne. Tun daga ranar farin suga bai sake shiga kofina ba. Na koma jefa mazarƙwaila a koko, domin a ganina ita ruwan rake ce, abin gona, ba ruwanta da kanti. Fura na dama ta da zuma. Tuwo kuwa ban rage masa komai ba.

Taubashina mutum ne mai tambayar tsiya. Duk zuwa sai ya tsare likita, wannan lambar me take nufi, me ya sa ta safe ta bambanta da ta bayan cin abinci. Ya rage tuwo, ya ƙara zogale da rama, ya ajiye babur yana tafiya gona da ƙafa. Na riƙa ce masa ya zama akuya. Amma duk wata tasa lambar sauka take yi, tawa tana nan inda take. Raina ya riƙa ɓaci. Ni na fi shi ƙarfi tun muna yara, ni na fi shi karatu, ga shi likita yana yi masa fara'a ni yana girgiza mini kai.

Ya taɓa gaya mini gaskiya. Ya iske ni ina karin kumallo, ya leƙa kwanon ya ce, "Kai bawana, mazarƙwaila ai suga ce da ba ta yi wanka ba." Na yi dariya na rama da wata. Tsakanin taubasai kowace magana wasa ce, ta ina zan gane ranar da ba wasa yake ba?

Cikin Sha'aban muka je tambaya kan azumi. Likita ya duba nasa, ya canza masa lokacin shan magani, ya ce ya ɗauka. Da ya zo kaina ya tambayi abin da nake ci, na lissafa masa ina alfahari. Ya ce, "Baba, jini bai san fari da ja ba. Mazarƙwaila, zuma, har tuwon nan, duk suga suke komawa a jiki. Bana ka haƙura da azumi." Tun da na balaga ban taɓa shan azumi ba. A hanyar gida taubashina bai tsokane ni ba ko sau ɗaya, wannan ya fi komai ƙona mini rai.

A watan azumin nan na koyi cin abinci. Na rage malmala, na bar zaƙi, na fara tambaya kamar yadda yake yi, kuma har yau a kan haka nake. Sai dai a lokacin, da rana a ɗaki nake ci, ƙofa a rufe, kada jikoki su gani.

Da magariba mukan zauna a tabarmar ƙofar masallaci. Ba wanda ya san halin da nake ciki sai shi. Da an kira salla yakan fara miƙo mini ruwa a gaban mutane, ya ce, "Barka da shan ruwa," don ya rufa mini asiri. Ina karɓa in amsa. Ina kallon leɓɓansa da suka bushe suka tsage, nawa a jiƙe, in ji duk duniya ba abin da nake so irin ƙishirwar nan tasa.